Igiyar Saje Haggai

"Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma. Kin jiya? Ba huɗu da minti ɗaya ba."

Maganar Farfesa Abubakar Siddiƙ ke nan ta ƙarshe kafin ya kashe waya, kuma ita ce ta riƙa yi wa Dinah amsa-kuwwa a kunne tun daga tashar Zuru har ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar gidansu a Manga, ranar Litinin da la'asar.

Shekara uku da suka wuce, a gindin mangwaron bayan gidan nan, ta tsinci wani ruɓaɓɓen mangwaro ta jefa a leda. A cikinsa akwai wasu tsutsotsi sirara da ido ba ya gani sai an sa madubin asibiti. Irinsu sun cika ƙasa ko'ina, wasu danginsu ma su ne ke cin saiwar tumatir da doya su bar manomi da tagumi. Amma nata tsutsotsin ba su da lafiya. Hanjinsu ya lalace, motsinsu ya yi sanyi. Da aka bincika sai aka tarar wata ƙwayar cuta ce, bairos, ta kama su. Ƙwayar dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, daga jikinta kuma wani dogon zare na furotin ya miƙo waje, da shi take maƙale hanjin tsutsa ta shige. Digirin Dinah gaba ɗaya a kan zaren nan ya rataya: yaya aka gina shi? Wanda ya san gininsa ya san yadda cutar ke kama tsutsa, wanda ya san wannan kuwa wataƙila wata rana ya juya ta kan masu cin saiwa.

An aika samfurin can ƙetare, inda ake da wata babbar na'ura mai ɗaukar hoton irin waɗannan abubuwa. Wata ma'aikaciya mai suna Sandra ta ɗauko hotuna dubbai, duk dishi-dishi kamar inuwa a cikin ruwa. Aikin kwamfuta ne ta haɗa su ta fitar da siffa, amma sai an fara gaya mata zaren sili nawa ne aka murɗe wuri ɗaya. Farfesa ya ce uku. Shekara talatin yana aiki da zarurrukan ƙwayoyin cuta, duk wanda ya taɓa bi ta hannunsa sili uku ne. Dinah ta sa uku. Abin da ya fito sai ka ce an ɓarar da kunu a ƙasa. Ta gyara nan, ta share can, ta sake sa uku. Kunu. Wata takwas ana haka, har awowin da aka ba ta a babbar kwamfutar sashensu suka ƙare, saura na gwaji ɗaya tak.

"Samfurinki ya gurɓace," in ji Farfesa da bakinsa na mutumin Argungu. "Wanga baƙin layi da ya ratsa tsakiyar zaren, datti na. Koma inda kinka ɗauko ki samo sabbin tsutsotsi masu ciwo. In ba ki samu ba, ranar da anka ware maki ga na'urar can in ba wani ɗalibi, in rufe fayil ɗinki. Ni ma na gaji."

Shi ne ta taho.

"To, ga likitar ruɓaɓɓen mangwaro ta dawo!" Mama Alice ce, mahaifiyarta, taɓarya a hannu, tana dakan dawa a tsakar gida. "'Ya'yan mutane suna zuwa jami'a su dawo da mota, tawa ta dawo da leda."

"Mama, sannu da gida. Akwai sauran mangwaro a baya?"

"Ke da ko ruwa ba ki sha ba? Aladuna sun riga ki. Damina ta sauka, wane mangwaro kuma?"

Dinah ta leƙa bayan gida. Ta wuce gindin bishiyar, inda mahaifinta ke zaune a kan kujerarsa ta katako. Saje Haggai tsohon soja ne. Ya bar kunnensa na hagu a bakin daga, kusa da wata babbar bindiga, ya dawo gida da na dama da kuma sana'ar ƙuruciyarsa, tufkar igiya. Ɓawon rama jiƙaƙƙe na gefensa a cikin kwano, ya naɗe wando zuwa cinya yana murzawa.

Ta durƙusa ta gaishe shi da yarensu na C'lela. Ya ɗago haɓarta da yatsa ya dube ta kamar mai duba sabon kurtu.

"Me ya ramar da ke haka? Ba a ba ku abinci a can?"

Ta zauna a gefensa, ta ciro takarda daga jaka. Hoton zaren ne da ta buga, mafi kyawun da take da shi: wani dogon abu mai murɗe-murɗe, toka-toka, da baƙin layi a tsakiya tun daga sama har ƙasa.

"Wannan zaren ne, Baba. Wata takwas ina fama da shi, na kasa haɗa shi. In ban kawo ba za su kore ni."

Ya karɓa, ya nisanta da idonsa, ya matso da shi, ya juya shi a kwance.

"Zuwa yaushe suke so?"

"Alhamis, ƙarfe huɗu."

Daga nan ta shiga yi masa bayanin tsutsa da bairos da na'urar ƙetare. Gajiya ta mantar da ita cewa a hagunsa ta zauna, ga kuma taɓaryar Mama tana tashi tana sauka. Saje yana gyaɗa kai, idonsa na kan takarda.

"Alhamis," ya ce. "To."

Talata tun da sassafe ta sa takalmin roba ta fita da ledoji. Gindin mangwaronsu fes, aladu ba su bar ko ƙwallo ba. Ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana roƙon a bar ta ta duba juji. Ta tsinci ruɓaɓɓiyar gwanda, ta tsinci kaɗanya da ta faɗo ta yi laushi, ta tona ƙarƙashin tarin ciyawa. Matan unguwa suka tsaya da tulunansu suna kallo. Wata tsohuwa ta ji an ce tsutsa take nema, ta aiko mata da gwangwani cike da tana. Dinah ta yi godiya, ta zuba wa kaji.

Da rana ta kafa ƙaramin madubinta mai batir a kan teburin ɗaki, ta jera fayafayan roba. Tsutsotsi kam akwai su. Suna ta wutsil-wutsil a ƙarƙashin gilashi, ƙosassu, hanjinsu lafiya lau, ƙwai cike da ciki. Faifai na ɗaya, na biyar, na goma sha biyu, duk haka.

Mama ta leƙo da kwanon tuwo.

"An samu?"

"Duk lafiyarsu ƙalau."

"Yesu na gode! To me ya sa kika ɓata rai?"

"Marasa lafiya nake nema, Mama."

Mama ta ajiye kwanon a hankali. "Ranar Lahadi zumuntar mata suka yi wa marasa lafiya addu'a har da na jeji. Da kin faɗa da wuri da mun cire tsutsotsinki daga ciki."

Laraba ta yi nisa, har bayan duwatsu, inda ake da wasu tsofaffin mangwarori na gonar kawunta. Ta dawo ƙafafu duk laka, ƙaya ta yage mata zane. Tana wucewa ta hangi Baba a gindin bishiya yana warware wata igiya da ya tufka yana tsaki, ga wata a ƙasa ya yar. Ba ta tsaya ba. Ta nemi hoton da ta buga a cikin jaka ba ta gani ba, ta ce wataƙila iska ta ɗauke. Ba shi ne damuwarta ba. Faifai ashirin da tara ta duba ranar, kowace tsutsa kamar mai shirin kokawa.

Alhamis aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙarfe sha ɗaya saura ta ɗago kai daga kan faifai na ƙarshe. Babu. Ta zauna tana kallon bango. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Tunani take: in ta hau mashin zuwa garin Ribah yanzu, ta samu lambu, ta tsinci wani abu, ta dawo ta duba... lokaci ba zai kai ba. Ta ɗauki waya ta fara rubuta wa Farfesa saƙo, ta goge, ta sake farawa.

Labule ya ɗaga. Saje Haggai ya shigo da tsohuwar rigar ruwansa ta soja, ya ƙame a gaban tebur, ya ajiye abu biyu: hotonta, duk ya yi shatin yatsu da ruwan rama, da wata igiya sabuwa dal, tsawon kamu biyu.

"Ga aikinki. Sha ɗaya bai yi ba, na ba ki awa biyar na hanya."

Ta dubi igiyar, ta dube shi.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Zaren da kika kasa haɗawa. Ki kai musu su bar min 'yata ta huta."

Sai yanzu ta gane. Kwana uku! Kwana uku tsohon nan yana gindin bishiya yana tufka wa jami'a igiya. Dariya da haushi suka zo mata lokaci ɗaya.

"Haba Baba! Ba igiya ba ce fa! Ba irin wannan zaren nake nufi ba. Na yi maka bayani ranar Litinin!"

"Na ji kin ce Alhamis."

"Wannan abin ko ido ba ya ganinsa, ba a..."

"Dakata." Ya ɗaga hannu kamar a filin fareti. "Ni dai ban san wanda ya ba ki samfurin nan ba, amma mugu ne. Ya so ya kunyata ki. Kallon farko kowa zai ce tufkar uku ce. Ni kaina uku na fara, na ɓata Talata ɗungum, ta ƙi kama da hoton. Ta yaya za ta kama? Tufkar uku ba ta da rami."

Dinah ta tsaya cak.

"Ba ta da me?"

"Rami. Sili uku in suka murɗe rungumar juna suke, ko iska ba ta wucewa tsakaninsu. To dubi nan." Ya ɗora ƙaton yatsansa a kan baƙin layin da ya ratsa tsakiyar hoton. "Wannan fa? Hanya ce, tun daga sama har ƙasa."

"Malaminmu ya ce datti ne."

"Datti? Wane irin datti ne ke tafiya a miƙe kamar ɗan fareti, bai kauce ba ko sau ɗaya? Malamin naku ya taɓa tufka igiya?"

Ta ɗauki igiyar, ta juyo bakinta. Sili biyar ne a zagaye kamar yatsun hannu da aka tattara, a tsakiyarsu rami, har tana hango hasken taga ta ciki.

"Jiya na gwada huɗu," in ji shi. "Ramin ya fito amma ya yi ƙanƙanta. Yau da asuba na tuna da kakanki. A shekarata ta shida ta golmo, ina yi masa noma don in auri uwarki, ya ce ba zai ba ni ita ba sai na tufka masa igiyar rijiya mai sili biyar. A kan siririyar sanda ake murɗa ta, in an gama a zare sandar. Sau tara yana warware min."

"Ai da sau goma ya warware da na huta!" Mama ta ce daga tsakar gida.

Dinah ba ta ji ta ba. Wata takwas tana goge baƙin layin nan daga lissafi don an ce datti ne. Wata takwas tana cusa wa kwamfuta uku. Ba sabbin tsutsotsi take buƙata ba. Gwaji ɗaya ya rage mata, yana cin awa biyu da rabi, kuma sabis ɗin Manga ko gaisuwa da ƙyar yake ɗauka. Dole sai ta shiga Zuru.

"Baba, mashin ɗinka na tashi?"

"Na ce miki na bar awa biyar na hanya."

Ta naɗe kwamfuta a leda biyu ta goya ta a baya da zane. Ta tura igiya da hoto cikin riga. Mama ta biyo su ƙofa da laima tana faɗa.

"A cikin ruwan nan? Da tsohon da ba ya jin oda? In kuka faɗa rafi kada wanda ya kira sunana!"

Mashin ɗin ya yi tari sau uku ya tashi.

Hanyar ta zama kunun laka. Saje yana tuƙi ƙafafunsa biyu a ƙasa kamar mai tuƙa jirgin ruwa, taya na zamewa yana maido ta. Sau biyu suka kusa kifewa. Da suka iso rafin da ke kan hanya suka tarar ya cika ya shafe kwalbati, jan ruwa na gudu da karare. Mutum biyar na tsaye a bakin gaɓa da mashinansu suna jira ya janye.

"Saje, sai an jima fa," in ji ɗaya daga cikinsu. "Ko awa biyu."

Dinah ta duba waya. Sha biyu da minti biyar.

Saje ya sauka, ya tsinke wani kara ya shiga ruwan yana dogarawa. Gwiwa. Cinya. Ƙugu. Ya tsaya a tsakiya yana auna ƙarfin ruwan da jikinsa, sannan ya dawo.

"Ƙasan kwalbatin na nan, bai tafi ba. Ku huɗu, kama min mashin ɗin nan. Kai da kai gaba, kai da kai baya."

"Haba Saje..."

"Ban tambaye ku ba. 'Yata za ta kai aiki."

Muryar da ta yi shekara ashirin tana tsayar da ƙarti a rana ba ta tsufa ba. Suka cicciɓi mashin suna mita suna dariya. Dinah ta kwance kwamfuta ta ɗora a ka, ta shiga. Ruwan ya buge ta a ciki, sanyi har ƙashi, takalminta ɗaya ya tafi. Ta ji ƙafarta na barin ƙasa. Sai ga hannun Baba ya damƙi damtsenta kamar ƙarfe.

"Kada ki kalli ruwa. Kalli bishiyar can. Hagu, dama. Hagu, dama."

Suka fita. Mashin ya ƙi tashi sai da aka tura shi har gindin tudu.

Ƙarfe ɗaya saura kwata suka faɗa shagon Anselm a cikin garin Zuru, ruwa na tsiyaya daga jikinsu. Anselm ɗan kasuwa ne mai sayar da janareto da kayan wutar rana. Shekara ashirin da biyar ke nan da ya taso daga kudu, kuma duk igiyar da yake ɗaure kaya da ita ta hannun Saje ce.

"Saje! Wane ne ya kore ka da ruwa haka? Mama Alice ne?"

"Ta da inji, Oga Anselm. Dokita za ta yi aiki."

"Babu wuta tun Lahadi, rana ma ya gudu. Amma don Dokita, inji zai tashi."

Ya ja igiyar janareto, shagon ya ɗauki ƙara. Dinah ta share saman kantar shagon, ta buɗe kwamfuta, ta haɗa da waya. Sabis ya kawo. Kafin ta taɓa komai sai da ta kira Farfesa.

"Kin samu tsutsotsin?" Ko sallama bai tsaya amsawa sosai ba.

"Ban samu ba, ranka ya daɗe. Amma ina so in yi gwajin ƙarshe a kan tsofaffin hotunan. Ba da uku ba."

"Ba da uku ba? Da mi?"

"Da biyar. Baƙin layin nan ba datti ba ne, rami ne."

Ya yi wata gajeriyar dariya. "Dinah, ɗiyata, gajiya ta kama ki. Awowinki na, ƙone su yadda kike so. Amma ƙarfe huɗu na bugawa zan aika ma Sandra sunan wani."

Ya kashe.

Ta ɗora yatsa a kan lamba biyar, sai hannunta ya tsaya. Gwaji ɗaya ne. In huɗu ce fa? Ko shida? Idon tsoho ne da takarda mai dishi-dishi, a kansu za ta jingina shekara uku?

Saje ya ga fuskarta. Ya sa hannu a aljihun rigar ruwa ya zaro igiyar jiya, mai sili huɗu, ya karɓi wuƙar Anselm ya datse bakinta, ya datse bakin ta yau, ya jera su a kan kantar shagon.

"Ku masu boko ba ku yarda da mutum sai da ma'auni. Auna."

Anselm ya miƙo mata rula. Ta auna hoton: faɗin baƙin layin kashi ɗaya ne cikin huɗu na faɗin zaren. Ta auna igiya mai huɗu: raminta da ƙyar ya kai ɗaya cikin shida. Ta auna mai biyar, ta sake aunawa don ta tabbatar.

Ɗaya cikin huɗu.

Ta danna biyar. Ƙarfe ɗaya da minti biyu.

Daga nan sai jira. Wani koren layi ya fara rarrafe a fuskar kwamfuta kamar hawainiya. Anselm ya aika aka kawo musu shayi da burodi, ya ba ta silifas ɗin matarsa. Masu sayen kaya na shigowa suna fita, kowa sai ya leƙa ya tambaya ko ƙwallo ake kallo. Saje ya zauna a kan kwalin batir ya harɗe hannu, idonsa a kan layin kamar mai gadin makamai.

"Wai me inji yake dafawa haka?" Anselm ya tambaya.

"Yana duba aikina," in ji Saje.

Ƙarfe biyu. Biyu da rabi. Uku. Dinah ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Uku da minti ashirin layin ya kusa kai ƙarshe, sai janareto ya yi tari, ya yi wata shaƙuwa, ya mutu. Kwamfutarta, wadda batirinta ya daɗe da rasuwa, ta bi shi nan take. Fuska ta yi baƙi.

"Chineke!" Anselm ya girgiza jarka, wayam. "Mai ya ƙare. Gidan mai na kusa sun rufe, na can kuma layi ya kai kasuwa."

"Aikin na can yana tafiya a babbar kwamfuta," Dinah ta ce, muryarta a daskare. "Amma in ban buɗe na gani na aika ba, daidai yake da ban yi ba."

Ba ta rufe baki ba Saje ya riga ya fita. Ya turo mashin ɗinsa har bakin shago, ya fizge wani siririn tiyo daga cikin kayan Anselm, ya zura a tanki, ya kafa baki ya zuƙa. Ya tofar, ya yi tari har idonsa ya yi ja, fetur ya fara zuba cikin jarka.

"Baba, da me za mu koma gida?"

"Wa ya ce miki gida muka zo nema?"

Anselm ya ɗura, ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja. Shiru. Ya ja na uku da dukan ƙarfinsa, igiyar ta tsinke a hannunsa, ya faɗa kan kwalaye.

Uku da minti talatin da huɗu.

Su ukun suka dubi juna, sannan suka dubi igiyoyin da ke kan kantar shagon. Saje ya ɗauki igiya mai sili huɗu, ya warware sili biyu da haƙori don ta shiga, ya naɗa ta a bakin injin.

"Dama ba ta da wani amfani," ya ce. Ya taka injin da ƙafa ya fizga.

Janareto ya yi gurnani ya kama.

Kwamfuta ta ɗauki shekara kafin ta farka. Sabis ya zo, ya tafi, ya dawo. Dinah ta buɗe sakamakon, ta rufe ido, ta buɗe.

Babu kunu. A tsakiyar baƙar fuskar wani abu ne tsaye, fes kamar an sassaƙa shi. Sili biyar sun murɗe juna suna hawa sama, gaɓa bayan gaɓa, kowace gaɓa kamar an jera warwaro. Ta juya shi da yatsa ta leƙa ta bakinsa. Rami, a miƙe, tun daga sama har ƙasa.

Saje ya sunkuyo, ya ɗora igiyarsa a jikin gilashin, ya kwatanta.

"Tasu ta fi tawa matsewa," ya ce. "Amma ita ce."

Ta haɗa hoton da lissafin ta aika wa Farfesa, ta sa Sandra a ciki. Saƙon ya yi ta juyawa, yana juyawa. Ya tafi ƙarfe huɗu saura minti takwas.

Anselm ya kori wani mai neman ƙwan fitila da hannu. Saura minti biyu waya ta yi ƙara.

"Ranka ya daɗe."

Tana jin numfashinsa da ƙarar fanka a ofishinsa.

"Na buɗe," ya ce daga bisani. Muryar ta sauka. "Na juya shi ta ko'ina ina neman inda kinka yi kure, ban samu ba. Wata takwas ina sa ki share ramin ga. Ranar na'ura taki ce. Na riga na faɗa ma Sandra. Ki dawo Litinin, aiki yanzu ya fara. Amma gaya mani, wa ya ce maki biyar?"

"Saje Haggai, ranka ya daɗe."

"Haggai... ban san shi ba. Wace jami'a yake?"

"Manga. Gindin mangwaro."

Da ta gama yi masa bayani sai ya ce, "Ki taho mani da igiyar. Ina son in gan ta da idona."

Ta ajiye waya. Ta zauna daɓas a kan kwali. Anselm ya ɗaga hannu sama yana rawa a tsakanin batura.

"Sun karɓa?" Saje ya tambaya.

Ta tashi, ta zagaya ta damansa, ta sa baki daidai kunnen mai ji. A hankali ta gaya masa komai tun daga farko: mangwaro, tsutsa, ciwon da ke hanjinta, da zaren da ko an jera dubu nasa gefe da gefe ba za su kai kaurin silin gashi ba. Wannan karon ya ji. Ya dubi kwamfuta, ya dubi igiyar hannunsa, ya daɗe yana juya ta.

"Kina nufin ba mutum ne ya tufka ba?"

"Ba mutum ba ne, Baba."

"A cikin cikin tsutsa. Sili biyar, da rami, ba sanda." Ya girgiza kai. "Kada ki gaya wa uwarki. Za ta ce tsutsa ta yi a kwana ɗaya abin da ya ɗauke ni shekara shida."

Ya miƙa mata igiyar, ta naɗe ta ta sa a jaka tare da kwamfuta. Ruwa ya ɗauke. Suka yi wa Anselm sallama, Saje ya kama kan mashin, ita ta kama baya, suka fara tura shi zuwa layin mai.